Ƙimar Adalci: Yadda Ake Auna Kadarorin Kuɗi da Basussukan Kamfani

 

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan kasuwa da suka bar shagunansu suka zo, abokan aikina akantoci, da 'ya'yanmu ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gode wa waɗanda suka ba ni wannan dama.

Maganar da aka ɗora mini yau, in an ji ta daga nesa, sai a ɗauka ta akantoci ce kaɗai. Amma duk mai ajiya a banki, da wanda ake cire wa kuɗin fansho daga albashinsa, da wanda ya tarar da takardar hannun jari a akwatin mahaifinsa ranar rabon gado, kowannensu tana shafarsa. Kowace shekara kamfanoni na buga rahoto su ce dukiyarmu kaza ce, bashin da ke kanmu kaza ne, abin da ya rage na masu jari kaza. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: wa ya auna, kuma da wane ma'auni ya auna?

In an ce kadarorin kuɗi, ana nufin tsabar kuɗi da ajiyar banki, da hannun jarin wasu kamfanoni, da takardun lamuni na gwamnati da na kamfanoni, da sukuk, da bashin da kamfani ke bin abokan cinikinsa, da rancen da banki ya bayar, har da yarjejeniyar sayen dala nan gaba a kan farashin da aka yanke yau. Gini da mota da inji ba sa cikin wannan sahu. In ka cire tsabar kuɗi, sauran duk alkawari ne da haƙƙi a rubuce. Darajarsu na rataye da wanda ya ɗauki alkawarin, da tsawon lokacin da za a jira, da kuma ko akwai mai saye in ka so rabuwa da su. Bashin kamfani shi ma alkawarin ne, sai dai an juya shi: kamfanin ne ya ɗauka.

Hanya biyu akantoci suka sani ta auna waɗannan abubuwa. Ta farko, a rubuta abu a kan kuɗin da aka saye shi, a bar shi haka har ranar da aka sayar ko aka biya. Tana da sauƙi, ga rasit, ba gardama. Aibinta shi ne littafi na iya ci gaba da cewa naira miliyan 100 shekara da shekaru, alhali abin ya daɗe da komawa miliyan 40. Ta biyu ita ce ƙimar adalci. Ma'anarta a ƙa'idar da ake kira IFRS 13 ita ce kuɗin da za ka karɓa in ka sayar da kadarar, ko kuɗin da za ka biya don wani ya ɗauke maka bashin, a ciniki na natsuwa tsakanin 'yan kasuwa masu sanin abin da suke yi, a ranar da ake yin awon.

Kowace gaɓa a wannan ma'ana tana toshe wata kafa. Da aka ce kuɗin da za ka karɓa, an fitar da son da kake wa kadarar da burin da ka ɗora mata. Abin da mai saye zai miƙo shi ne magana. Da aka ce ciniki na natsuwa, an fitar da gwanjon dole, irin na wanda masu bin bashi suka tsare a ƙofar gida ya karyar da kayansa. Da aka ce tsakanin 'yan kasuwa, an fitar da cinikin da kamfani zai ƙulla da reshensa ko da surukin shugabansa don a samu lambar da ake so. Ranar awo kuwa, in 31 ga Disamba ce, to farashin wannan rana za a rubuta, ko da kasuwa ta tashi a Janairu. La'adar dillali ma ba a cire ta daga ƙimar, domin ita kuɗin ciniki ce, ba siffar kadarar ba.

Hukumar tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi ta duniya da ke Landan, wato IASB, ita ta fitar da wannan ƙa'ida a watan Mayun 2011, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2013. Amurkawa sun riga ta, sun fitar da tasu mai kama da ita tun 2006. A Najeriya, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da komawa ƙa'idojin duniya a 2010, aka kafa hukumar kula da rahoton kuɗi ta FRC da dokar 2011, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari kuma suka fara bin ƙa'idojin daga 2012. Saboda haka duk rahoton banki ko babban kamfani da ka ɗauka yau, da wannan ma'auni aka auna wani sashe na abin da ke cikinsa.

Kafin mu yi nisa, bari in juya ga iyayenmu malamai, domin tunanin da ke ƙarƙashin wannan ƙa'ida ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Wanda ya karanta babin zakka a Risala ko a Mukhtasar ya san malaman Malikiyya sun raba 'yan kasuwa gida biyu. Akwai mudiri, mai jujjuya kaya, irin ɗan kasuwar Kantin Kwari da atamfa ke shigo masa tana fita kullum. Akwai muhtakiri, mai saye ya ajiye yana jiran kasuwa ta yi kyau. Mudiri, in shekara ta zagayo, ba ya duba rasit ɗin da ya sayi kaya da shi. Yana yi wa abin da ke shagonsa ƙima da farashin kasuwa na lokacin, ya haɗa da tsabar kuɗinsa, ya fitar da zakka. Muhtakiri kuwa sai ya sayar sannan ya fitar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka yi da bashin da mudiri ke bin mutane na ciniki. Wanda lokacin biyansa ya yi, kuma ana sa ran samunsa, a lissafa shi yadda yake. Wanda ke kan matalaucin da ba a sa ran zai biya, a ajiye shi gefe har sai ya shigo hannu. Wanda kuwa ake sa ran samu amma wa'adinsa bai yi ba, sai a yi masa ƙima: a duba kayan da za a iya samu da shi yau, sannan a duba kuɗin da waɗannan kaya za su yi in an sayar hannu da hannu. Sun bi ta kan kaya ne don kada a auna kuɗi da kuɗi da fifiko. Amma ku dubi abin da suka gane: dubu ɗari da za ta zo baɗi ba daidai take da dubu ɗari da ke aljihu ba, kuma bashin da ke kan mai hali ba daidai yake da wanda ke kan wanda ya karye ba. Waɗannan abubuwa biyu, jinkiri da halin wanda ake bi, su ne ƙashin bayan duk wani lissafin ƙimar adalci da ake yi da kwamfuta a yau.

Ga misali da lambobi, na ƙirƙira shi ne don bayani. Kamfani ya sayi takardar lamuni ta naira 1,000,000, wadda ke biyan kashi 10 cikin 100 duk shekara, za a mayar da uwar kuɗi bayan shekara biyar. Washegari kuɗin ruwa a kasuwa ya tashi, sababbin takardu suka koma biyan kashi 20. Wa zai sayi tsohuwar a kan miliyan ɗaya, alhali ga sabuwa mai biyan ninkinta? Ba kowa. In ka yi lissafin, sai farashinta ya sauko wajen naira 701,000 kafin mai saye ya ga daidai take da sabuwar. Wanda ya ci bashin bai fasa biya ba, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, amma kusan kashi 30 na darajar takardar ya tafi. Kada a ce misalin ya yi tsauri. A ƙarshen 2020 ribar takardun baitulmalin Najeriya ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100. Kuɗin ruwan da Babban Banki ke tsayarwa yana kashi 11.5 a farkon 2022, ya kai kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Duk wanda ya sayi doguwar takarda lokacin da ruwa ke ƙasa ya ɗanɗana wannan lissafi, ko ya rubuta ko bai rubuta ba.

To, dole ne ya rubuta? A nan wata ƙa'idar ke shigowa, IFRS 9, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Ta ce a duba abin da kamfani ke yi da takardar. In yana saye da sayarwa ne don cin riba, a auna ta da ƙimar adalci, duk hawa da sauka ya shiga lissafin riba da asara na shekara. In ya riƙe ta ne don karɓar abin da take biya har wa'adi, kuma abin da take biya bai wuce uwar kuɗi da ruwa ba, a bar ta a kan kuɗin saye da ake daidaitawa a hankali, a ware tanadi saboda yiwuwar ƙin biya, sannan a bayyana ƙimarta ta kasuwa a bayanan da ke ƙarshen rahoto. Akwai kuma matsakaici, na wanda ke riƙewa amma yana sayarwa in buƙata ta taso. Kun ga rabon ya yi kama da na mudiri da muhtakiri. Bambancin shi ne mai fitar da zakka ya san Allah na ganin niyyarsa. Shugaban banki kuwa, in ya ce niyyarmu riƙewa ce, wani lokaci gaskiya yake faɗa, wani lokaci kuma mafaka ya samu.

Abin da ya faru da bankin Silicon Valley a jihar Kalifoniya ta Amurka ya isa darasi. Lokacin da kuɗin ruwa ke kusa da sifiri, ajiya ta yi wa bankin yawa, sai ya zuba ta a dogayen takardun lamuni masu aminci, na gwamnati da waɗanda hukumomin gwamnati suka tsaya wa. Daga Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, kafin shekara ta ƙare ya haura kashi 4. A ƙarshen 2022, takardun da bankin ya ce zai riƙe har wa'adi suna rubuce a kan dala biliyan 91, ƙimarsu a kasuwa kuwa wajen biliyan 76. Giɓin biliyan 15 ke nan, alhali jarin masu bankin gaba ɗaya wajen biliyan 16 ne. Ba a ɓoye lambar ba, tana cikin rahoton, masu binciken kuɗi kuma sun sa hannu a ƙarshen Fabrairun 2023. Sai dai ba ta taɓa lissafin riba ba, mutane kaɗan ne suka leƙa inda take.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu ajiya suka fara janye kuɗi, bankin ya buƙaci tsaba. Ranar 8 ga Maris 2023 ya sanar cewa ya sayar da takardu na dala biliyan 21 a kan asarar biliyan 1.8. Washegari masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya. Ranar 10 ga wata hukuma ta rufe shi. Hukuncina a nan a fili yake: alkawarin riƙe takarda shekara goma ba shi da ƙarfi a bakin wanda kuɗin da ya saye ta da shi na mutane ne da za su iya zuwa karɓa gobe da safe. Da ana rubuta asarar tana taruwa wata bayan wata, da an tilasta wa bankin neman ƙarin jari tun yana da sauran mutunci a kasuwa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake goyon bayan ƙimar adalci. Amma zan zalunce ku in na tsaya nan, domin ita ma tana da ramin da aka sha faɗawa.

Ƙa'idar ta raba awo mataki uku, gwargwadon inda aka samo lambar. Mataki na ɗaya, farashin da ake gani a kasuwa mai ci, na ainihin abin da ake aunawa, kamar hannun jarin babban banki da ake cinikinsa kullum a Legas. Mataki na biyu, babu farashin abin kansa, amma akwai na makamancinsa, ko akwai kuɗin ruwa da farashin canji da kowa ke gani, sai a gina lissafi a kansu. Mataki na uku, babu ko ɗaya. Kamfani ne da kansa zai yi hasashen kuɗin da za su shigo, ya zaɓi ma'aunin da zai rage su da shi, ya fitar da lamba. Duka ukun suna ɗauke da suna ɗaya a rahoto, amma na ɗaya shaida ce, na uku ra'ayi ne. Kuma mai ra'ayin, sau da yawa, ladan aikinsa na ƙarshen shekara na rataye da lambar da ya fitar.

Kamfanin Enron na birnin Houston ya nuna iyakar ɓarnar da za a iya yi da wannan. A farkon 1992 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta yarje masa ya riƙa auna yarjejeniyoyinsa na iskar gas da farashin kasuwa. Daga nan ya faɗaɗa abin zuwa yarjejeniyoyi na shekaru masu yawa da babu wata kasuwa da ke yanka musu farashi. A sa hannu yau, a hasashe ribar shekara ashirin, a rubuta ta bana. A shekarar 2000 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin Blockbuster don aika fina-finai gidajen mutane ta waya. Yarjejeniyar ta watse a Maris ɗin 2001 ba tare da ta kawo wani abin kirki ba, amma Enron ya rubuta ribar sama da dala miliyan 110 a kanta. Cinikin biri a sama ke nan. Ranar 2 ga Disamban 2001 kamfanin ya karye, ma'aikata suka rasa aiki da tanadin tsufansu, kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen da ke sa masa hannu shi ma ya bi shi.

Akwai kuma ranar da kasuwa ke ɗaukewa ɗungurungum. Ranar 9 ga Agustan 2007 bankin BNP Paribas na Faransa ya dakatar da cire kuɗi daga wasu asusu uku nasa, ya ce ba zai iya yi wa takardun da ke ciki ƙima ba, domin masu saye sun ɓace. Takardun na jingine ne da bashin gidaje na Amurka. Bayan bankin Lehman Brothers ya faɗi ranar 15 ga Satumban 2008, sai bankuna suka ta da murya cewa ƙimar adalci ce ke kashe su: farashi ya faɗi, a tilasta musu rubuta asara, jari ya ragu, su sayar don cike giɓi, farashi ya ƙara faɗuwa. Akwai gaskiya a wannan kuka. Matsin 'yan siyasar Turai ya sa IASB ta sassauta ƙa'idarta cikin gaggawa a Oktoban 2008. Majalisar Amurka kuma ta umarci hukumar kasuwar hannun jari ta binciki lamarin. Rahoton da hukumar ta fitar a ƙarshen Disamban 2008 ya ce kada a dakatar da ma'aunin, domin abin da ya kayar da bankunan da suka faɗi shi ne rancen banza da suka bayar da gushewar amincewar jama'a. Ni ma nan na tsaya. Rancen ya riga ya lalace kafin akanta ya ɗauki biro.

Mu dawo gida, domin mun ga namu. Bayan haɗe bankuna na 2004 zuwa 2005, lokacin da aka ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, kasuwar hannun jari ta yi ta hawa. Da yawa a wannan zaure sun tuna yadda ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa cike fom ɗin sayen hannun jari. Bankuna suka riƙa ba da rance don a sayi hannun jari, jinginar kuma ita ce hannun jarin da aka saya, wani lokaci ma na bankin da ya ba da rancen. Ma'aunin kasuwar ya haura 66,000 a Maris ɗin 2008, shekara guda bayan haka ya faɗo ƙasa da 20,000. A tsakiyar faɗuwar, a Agustan 2008, hukumar kasuwar ta sa dokar cewa farashi ba zai sauka fiye da kashi 1 cikin 100 a yini ba, amma yana iya hawa kashi 5. Dokar ba ta kawo masu saye ba. Farashi na rubuce a allo, masu sayarwa sun yi layi, ba mai tayawa, har aka janye ta a Oktoba. Ina so ɗalibai su riƙe wannan: farashin da ba za ka iya sayarwa a kansa ba, ko da an rubuta shi a allon kasuwa, ba ƙimar adalci ba ne.

Jingina ta narke, amma littattafan wasu bankuna suka ci gaba da nuna rancen lafiya lau, har ana shelar riba. Sai da Babban Banki a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi ya tura masu bincike. Ranar 14 ga Agustan 2009 aka sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimillar ta kai biliyan 620. Da aka kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen rancen da ya lalace, dole aka zauna aka yanka masa farashi, rancen da ba shi da jingina kuwa kashi 5 cikin 100 na uwar kuɗinsa aka saye shi. Abin da littafi ke kira naira ɗari, da aka zo ciniki naira biyar ya yi. Masu ƙananan hannun jari a waɗannan bankuna su suka fi kowa shan wahala, domin su ne na ƙarshe da suka ji labari.

Ɓangaren bashi yana da wani abin mamaki da ya kamata ku sani. In kamfani ya zaɓi auna bashin da ke kansa da ƙimar adalci, sai kasuwa ta fara shakkar zai iya biya, farashin takardun bashinsa zai faɗi. Bashi ya ragu a littafi, raguwar bashi kuwa riba ce. Wato kamfani na ƙara rauni, rahotonsa na ƙara kyau. A rubu'i na uku na 2011 bankin Morgan Stanley ya rubuta dala biliyan 3.4 ta wannan hanya, JPMorgan kuma biliyan 1.9. IFRS 9 ta gyara wannan ga kamfanonin da ke bin ƙa'idojin duniya, ta ce irin wannan canji a fitar da shi daga lissafin riba a ajiye shi gefe. Akwai kuma kariya ga masu ajiya: kuɗin da mai shi zai iya zuwa karɓa duk lokacin da ya so, banki ba shi da ikon rubuta ƙimarsa ƙasa da abin da zai biya in an zo karɓa.

Bashin dala yana ƙarƙashin wata ƙa'ida dabam, amma ruhinsu ɗaya: a auna da farashin ranar rufe littafi. Mun yi shekaru muna da farashin dala fiye da ɗaya, na gwamnati dabam, na 'yan canji a Wapa dabam, kamfanoni na rubuta bashinsu da na hukuma ko da ba sa samun dala a kansa. Ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe farashin, dala ta tashi daga wajen naira 460, ta kusa 900 a ƙarshen shekara, ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin MTN na Najeriya ya rubuta asarar canji ta naira biliyan 740 a 2023, ya rufe shekara da faɗuwar biliyan 137, alhali masu kira da masu sayen data ba su ragu ba. Nestlé da kamfanin sukari na Dangote su ma sun rufe shekarar da faɗuwa. Nauyin ya daɗe a kansu, farashin hukuma ne ya lulluɓe shi. Bankunan da ke riƙe da dala kuwa suka wayi gari da riba mai yawa a takarda. A Satumban 2023 Babban Banki ya hana su raba wannan riba ga masu hannun jari ko kashe ta a hidimar yau da kullum. Wannan umarni ya yi daidai, kuma ina ganin ya kamata kowane kamfani ya ɗora wa kansa shi ko ba a tilasta masa ba. A rubuta ribar awo don a san inda aka tsaya, amma kada a ci ta sai ta zama kuɗi a hannu, domin farashin da ya kawo ta yana iya komawa da ita.

'Yan uwanmu na Gana sun koyi wani darasin: takardar gwamnati ma tana iya cin mutum. A Disamban 2022 gwamnatin ƙasar ta nemi masu riƙe da takardun lamuninta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. Uwar kuɗi ba ta canza a rubuce ba, amma kun ga abin da jinkiri da ragin riba ke yi wa ƙima. Yawancin bankunan ƙasar suka rufe 2022 da faɗuwa, babban bankin Gana kansa ya bayyana asarar sidi biliyan 60.8, bankunan Najeriya masu rassa a can su ma suka rubuta nasu kason.

Masu hulɗa da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa kada su ɗauka maganar ta tsallake su. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a Satumban 2017, na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai, kuɗin hayarsa tsayayye ne, kashi 16.47 a shekara. Duk takardar da abin da take biya ke tsaye, farashinta a kasuwa na sauka in ribar sauran takardu ta hau, halal ce ko ba halal ba.

Damuwata ta ƙarshe ita ce ƙanƙantar kasuwarmu. Hannun jarin kamfanoni da dama a Legas na yin kwanaki ba a yi cinikinsa ba, wani kuma ɗan ciniki kaɗan ke motsa farashinsa. Ƙa'ida ta ce in kasuwa mai ci ce, a ninka farashin allo da yawan abin da kake riƙe da shi, ba ragi. Amma mai riƙe da kashi 20 na kamfani ya san in ya fito da shi gaba ɗaya ba zai samu wannan farashi ba. Hannun jarin kamfanonin da ba sa kasuwa kuwa, da rancen da aka ba 'yan kasuwa, kusan duk a mataki na uku suke. Ma'ana, a ƙasa irin tamu, babban kaso na abin da ake kira ƙimar adalci hasashen mutum ne, ingancinsa kuma ingancin mutumin ne. Abokan aikina akantoci da masu bincike, wannan amana ce a wuyanmu. In shugaba ya kawo lambar da yake so ya ce a nemo mata hanya, a ce masa a'a. In ƙaramin canji a hasashe zai juya riba ta koma faɗuwa, a rubuta haka ɓaro-ɓaro yadda mai karatu zai gane, domin ƙa'ida ma ta wajabta bayyana shi.

Ku kuma masu hannun jari da masu ajiya, in rahoton shekara ya zo hannunku kada ku tsaya a shafin da aka sa hoton shugabanni da lambar riba. Ku buɗa can baya, ku nemi jadawalin nan mai mataki uku, ku ga nawa ne ke mataki na uku, ku gwada shi da jarin kamfanin. Ku nemi inda aka jera kuɗin saye da ƙimar kasuwa na takardun da aka ce za a riƙe, ku cire wannan daga wancan. In ba ku iya ba, ku kai wa ɗanku ko ƙaninku da ya karanta lissafin kuɗi ya duba muku. Ranar babban taron shekara kuma ku je, ku ɗaga hannu, ku tambayi shugaban hukumar daraktoci nawa ne daga cikin ribar bana ya shigo a tsaba, nawa ne na awo. Doka ta ba ku wannan haƙƙi, ko da hannun jari ɗari kacal kuke da shi.